Na kai Hilux ɗina a sauke mata tsayi, ta dawo a karkace

Bari in faɗa muku yadda muka kwashe da wani gareji a nan Kano, don nasan akwai masu niyyar yiwa motarsu irin wannan aikin. Sunan garejin ba zan kama ba, mun rabu lafiya da mai wajen kuma har yanzu muna gaisawa, amma abinda ya faru sai na faɗe shi yadda yake.

Motata tsohuwar Hilux ce ƙirar 2002, wadda ba fowil ba, wato tayoyin baya kaɗai ke ja, ita nake ɗaukar kujeru da rumfa da janareto na haya in kai gidan biki. Dalili biyu yasa naso a sauke ta, na farko ɗora janareto a baya yana bawa yarana wahala, na biyu Baba gwiwarsa ta matsa masa, duk ranar da zan kaishi asibiti sai an tallafe shi kafin ya hau. Inci biyu kawai nace a rage, gaba da baya.

Ita irin wannan Hilux ɗin a gaba ba safirin mai naɗi bane da ita, wani dogon ƙarfe ne da ake murɗawa, makanikai suna ce masa toshin ba, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowanne da dogon boltinsa a ƙarƙashin mota, in ka ɗaure mota ta tashi in ka sassauta ta sauka. Baya kuma safirin mai ganye ne, shi ake saka wani bulo na ƙarfe tsakaninsa da aksil, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, sannan a canza yubol, boltin da suke ɗaure safirin da aksil, a sa masu tsayi. Oga ya min wannan bayanin tsaf kafin a fara, kuma gaskiya ya burge ni, shiyasa ma na saki jiki na bar musu makulli na tafi harkata. Kayan ma shi ya aika yaro Kofar Ruwa ya siyo, ya nuna min su a hannu, bulon ƙarfe ne mai kauri ba irin wanda ake haɗawa da walda ba. Ta wajen kaya bani da ƙorafi ko ɗaya.

Abinda ban lura dashi ba a ranar shine babu wanda ya ɗauko tef ya auna motar kafin a taɓa ta. Ko ɗaya.

Na zo ɗauka dab da magariba, filin garejin kuma ƙasa ce duk ramuka da baƙin mai, mota ta tsaya gwanin sha'awa na biya na tafi. Washegari da safe na tsaya gidan mai a kan daɓen siminti, mai facin dake gefe ya leƙo yace Alhaji tayarka ta hagu ba iska ne? Muka gwada iska ta cika daidai. Na ja da baya na tsaya ta gaban motar na kalle ta, wallahi sai da gabana ya faɗi, ɓangaren direba ya kwanta kamar an ɗora mata buhun siminti a kafaɗa ɗaya. Na ari tef a wajen wani kafinta na auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi, don in ka auna daga ƙasa iskar taya zata ruɗe ka. Gaba, hagu yafi dama sauka da inci ɗaya da kwata. Baya, hagu yafi sauka da rabin inci. Ga sitiyari yana jan hagu, in na saki hannu kaɗan a titin Zariya sai motar ta fara neman gefe.

Komawa ta farko oga ko leƙa ƙasan motar baiyi ba, yace Alhaji ka bata sati ɗaya zata zauna da kanta, sabon aiki haka yake. Eh akwai ƙamshin gaskiya a ciki, safirin yakan ɗan zauna bayan an yi tafiya, amma ba inci guda da wani abu ba, kuma a gefe ɗaya kaɗai. Na bada sati ɗaya har da kwana uku, ba abinda ya canza.

Komawa ta biyu ce tafi ƙona min rai. Aka danna gaban motar aka saki, aka ce shokazoba ce ta hagu ta mutu. Na bada kuɗi aka siyo sabbi guda biyu aka saka, aka sauke mota daga jak, tana nan yadda take. Daga baya na fahimci shokazoba aikinta hana mota rawa ne bayan ta faɗa rami, nauyin mota safirin da toshin ba ne suke ɗauke dashi, to ta yaya canza ta zai ɗaga gefen da ya kwanta? Mutumin da ya min bayani mai kyau a ranar farko ya kamata ace ya fini sanin wannan, inaga dai so yayi ya sallame ni saboda motoci sun masa yawa a ranar.

A zuwa na uku ne Allah ya haɗani da wani dattijo da yake aiki a can ƙarshen garejin, galibi manyan motoci yake taɓawa. Ya saurare ni har na gama sannan yace ɗana kawo ta kan simintin wajen wanki. Ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙasa da tocilan ɗin waya, naga yana bin zaren boltin toshin ba da farcen babban yatsa yana ƙirgawa a hankali, ya gama hagu ya mirgina dama. Ya fito yana kakkaɓe riga yace yara biyu ne sukayi aikin nan, kowa da gefensa, kuma ba wanda ya ƙirga juyin da yayi. Aka kira yaran suka amsa haka akayi, da ido suka daidaita, a kan wancan filin mai ramuka. Ya kuma duba bakin ƙarafan ya tabbatar ba'a musanya su ba, don kowanne da alamar L ko R a jikinsa, nan dai lafiya lau.

Sai ya koma baya. Ashe ganye ɗaya a safirin ɗin hagu ya tsage tun tuni kusa da boltin tsakiya, tsatsa ta cinye wajen tsagin, kenan ba su suka fasa ba, amma sun kwance wajen da hannunsu sun maida basu gani ba ko sun gani basu faɗa ba. Dattijon ya nuna min da kujerar roba, ya danne ƙafar baya ta hagu sai ta gaba ta dama ta ɗaga, yace haka motarka takeyi, laifin baya yana ƙarawa na gaba girma. Wani abun kuma, sun ɗaure boltin bushin ɗin safirin, wato robar da take bakinsa inda yake haɗuwa da mota, tam tun mota tana rataye a jak, alhali sai ta sauka ta ɗau nauyinta ake ɗaurewa, in ba haka ba robar tana murɗewa ta riƙe motar inda bai kamata ba kuma ta mutu da wuri.

Yini guda ya ɗauka. Ya canza ganyen a duka ɓangarorin biyu don su zo ɗaya, ya sassauta bushin ya sake ɗaurewa mota na ƙasa, sannan gaba ya dinga juya bolti kaɗan, a zaga da motar a dawo, a auna, a sake juyawa, har sau huɗu. Yanzu bambancin bai kai kwatan inci ba. Alaimen kuma, wato saita tayoyi su tsaya daidai, sai wani waje na kai don su basu da na'urar, kuma tun farko ba wanda yace min dole ayi shi bayan an sauke mota, kafin in farga tayar gaba ta hagu ta cinye ta ciki, sati biyar kacal.

Oga bai karɓi kuɗin aikin ranar ba, ya kuma bani haƙuri a gaban yaransa, wannan na yaba masa. Kuɗin shokazoba dai da taya ni na ɗauki asararsu. In maki zan bayar cikin biyar, biyu zan basu, ɗaya na kaya masu kyau ɗaya na dattijon nan. Juyen mai da birki zan cigaba da kai musu, aikin ƙafar mota kuwa sai in dattijon ne zai yi da hannunsa.

Ita motar yanzu Baba yana hawa da kansa da sandarsa. Ta ɗan ƙara tauri a kan rami, in na cika ta da kujeru da janareto kuma ina jin baya yana taɓa robar tsayawa a manyan tudun rage gudu, dole na rage lodi nake yin sawu biyu. Ranar Asabar zan koma a sake ɗaure yubol ɗin, dattijon yace sababbi suna saki bayan an ɗan yi tafiya dasu.