Saƙo daga Jubail ta Saudiyya: rigar nutso da robar wuyanta

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan ku da iyali kuna lafiya, ka gaishe min da Inna da mutanen Yauri baki ɗaya.

Na ga saƙonka kan rigar nutso da kake so in sayo wa yaran da ke shiga ruwa idan jirgi ya kife. Na san tun hatsarin jirgin ruwa na Warrah na 2021 abin yake ranka. Kafin ka tara kuɗi, bari in ba ka labarin rigar, don hoton da ka gani na sa ta ne, ba ka ga wuyana ba bayan na cire.

Riga iri biyu ce. Akwai wadda ruwa ke shiga ya kwanta a jiki, ita kowa ke sawa yawancin shekara, don da zafi ruwan tekun nan yana haura digiri 30. Akwai wadda ruwa ba ya shiga ko kaɗan, ita muke sawa a Janairu da Fabrairu idan iskar arewa da suke kira shamal ta taso, ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20, ko idan aikin a ruwa mai dauɗa ne. Abin da ke tare ruwan wata roba ce da ke kama wuya da wuyan hannu, kuma nan ne wahalar take.

Satina na farko da ita, wuyana ya yi zobe ja kamar an ja min igiya. Ruwan nan ya fi na manyan tekuna gishiri, kimanin giram 40 a lita, can kuwa 35. Gishirin ya bushe a bakin roba, kana waige-waige yana goga maka fata, ga gumi, ga kaushin gashin da aka aske. Sai na yi abin da kowane ɗan gida zai yi, na shafa basilin. Fata ta ɗan lafa, robar kuwa ba da daɗewa ba ta yi danƙo ta yage. Ashe irin wannan roba, lateks, ba ta shiri da mai kowane iri, har da man gashi da turare.

Abin da ya burge ni shi ne shagon gyara. Mai shagon bai yi saurin sayar min da sabuwa ba, sai da ya auna wuyana da tef. Robar tana zuwa da layuka zagaye a bakinta, ana yanke su ɗaya bayan ɗaya da almakashi mai kaifi, a gwada, a sake. Yankan ya zama sumul, don ɗan tsagu kaɗan daga nan take yagewa. Ya ce idan sabuwa ta matse, in ɗaura ta a kan tukunyar iskar da muke shaƙa a ruwa ta kwana ta ɗan saki. Ya kuma ja min kunne sosai: roba mai shaƙewa ba ƙaiƙayi kaɗai take jawowa ba, tana danne jijiyoyin gefen wuya, mutum ya ji jiri ko ya suma a cikin ruwa. In ka ga fuskar mutum ta yi ja, kansa na sarawa tun yana kan jirgi, kada a bar shi ya sauka.

Yanzu hoda nake barbaɗa mata, marar ƙamshi, ko man shafawa na ruwa-ruwa da babu maiƙo a ciki, ana samunsa a kowane kemis, saidaliyya suke cewa a nan. Na daina aske ƙasan gemu ranar aiki, sai da daddare. Ina fitowa in wanke wuya da robar da ruwan daɗi, in shanya a inuwa. Rana da zafin cikin mota suna cinye ta da wuri.

Wani abokin aikina duk ya bi wannan, amma ƙuraje da kumburi suka ƙi barinsa. Shi jikinsa ne ba ya karɓar lateks ɗin. Aka sauya masa ta silikon, mai laushi, ya huta. Ita ba a iya manna ta da gam, sai an dasa wa rigar zobe a wuya, irin na kamfanin Si-Tech, amma daga nan ko a kan jirgi ta yage za ka cire ka sa wata da hannunka. Akwai kuma ta niyofirin, mai kauri da ɗumi, da ake naɗe bakinta ciki.

Abu ɗaya da gida ya fi su: man kaɗanya. Mayukan kemis ɗin nan masu tsada ba su warkar min da wuya kamar ɗan guntun da Inna ta ƙulla min ba. Da dare nake shafawa, in wanke da sabulu tas kafin in sa riga, don shi ma mai ne.

To Yaya, wannan rigar ba ta tafkin Kainji ba ce. Ruwanmu bai yi sanyin da za a buƙace ta ba, sannan iska ake hura mata daga tukunya, wanda bai koya ba tana iya juya shi ƙafa sama ta cillo shi. Robar ta yage a Yauri kuma, wa zai gyara? An ajiye ke nan. Kuɗin riga ɗaya gara a sa su a rigunan kariya na fasinja, da gilashin ido da takalman iyo da fitilar ruwa ga yaran. Waɗannan ba sa neman mai gyara, kuma zan iya ba masu dawowa daga Umara su taho da su. Ka rubuto min adadin yaran da lambar takalmin kowa. Wanda zai zo kuma, Inna ta ba shi man kaɗanya, nawa ya kusa ƙarewa.

Wassalam, ƙaninka.