Sharing ko Bridge? Amsa ga ɗan uwanmu na Wunti

Salam 'yan group. Ɗan uwa mai shagon buga takardu a Wunti ya yi tambaya jiya, WiFi na laptop ɗinsa ya mutu, amma desktop ɗin shago yana kama intanet daga router ta ɗan USB WiFi, ramin LAN ɗinsa kuma ba komai a ciki. Yana so laptop ɗin ya samu intanet daga desktop don browsing, wani ya ce masa Sharing, wani ya ce Bridge, wanne zai bi?

Malam, kowanne ka zaɓa waya ɗaya ce, wayar LAN daga desktop zuwa laptop. Kar a sa ka zaga kasuwa neman crossover, wato wayar musamman da ake haɗa kwamfuta da kwamfuta da ita a da, kwamfutocin yanzu suna daidaita kansu da wayar da aka saba.

Sharing dai desktop ɗin ne yake zama ƙaramin router. Ka danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta ncpa.cpl ka danna Enter, ka danna dama a kan WiFi ɗin da ke da intanet, Properties, sai Sharing, ka sa alama a akwatin farko shi ke nan. Windows da kanta za ta ba ramin LAN lamba 192.168.137.1 (IP, wato adireshin kwamfuta a network), laptop kuma ya karɓi tasa daga hannun desktop. In ka duba laptop ka ga lambarsa ta fara da 169.254 to bai samu komai ba, ka cire alamar ka sake sawa, kuma dama haka yake yi wani lokaci bayan an kashe an kunna, abin haushi amma minti ɗaya ne gyaran. Aibinsa shi ne laptop ya ɓuya a bayan desktop, sauran kwamfutocin shago ba za su gan shi ba, firinta da ke kan router ma ba lallai ta fito da kanta ba sai ka sa lambarta da hannu.

Bridge a wannan shafin dai yake, ka zaɓi WiFi da Ethernet (wato ramin LAN) tare, danna dama, Bridge Connections. Nan desktop gada ce kawai, router ne ke ba laptop lamba, kowa na ganin kowa. A baki ya fi daɗi. Amma inda ya fi zama daram shi ne waya da waya, wato desktop mai ramin LAN biyu. In ɓangare ɗaya WiFi ne kamar naka yana yawan gardama, wani sa'in har desktop ɗin ya rasa nasa intanet, ga kwastoma tsaye yana jiran a fitar masa da slip na JAMB. Kuma ba a haɗa su, sai ka kashe Sharing kafin Bridge ya yarda.

Don haka ni dai a yanayinka Sharing zan ce, tunda browsing kake so.

Ka kula da data fa. Laptop in ya ga waya ɗauka yake intanet ɗin ba iyaka, sai ya hau update ya shanye ta wata guda, ka shiga Settings na laptop ɗin wajen Ethernet ka kunna Metered connection.

Duka biyun kuma sai desktop yana kunne, ana ɗauke wuta laptop na da caji amma intanet ya tafi, sai in kana da UPS ko sola. In aikin na kullum ne gara ka sayi wani USB WiFi irin na desktop ɗin ka maƙala wa laptop.