Wasiƙa daga Ingila kan famfon ƙarin ruwa da robarsa

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigida da yara, ya aiki, ya kuma haƙuri da jama'a. Kin tambaye ni game da famfunan ƙarin ruwa na gwanjo da wani ɗan kasuwa ya yi wa ƙaramin asibitinku tayinsu, kina son sanin ko sun cancanci kuɗin da ya sa musu. Tun da gyara da gwajin irin waɗannan na'urori shi ne aikina a wani asibitin gwamnati a nan Ingila, na ga ya dace in ba ki amsa dalla-dalla, in kuma bar ta a fili saboda sauran ungozomomi da ma'aikatan jinya masu irin tambayarki.

Babu wani bututun ƙarfe da ruwa yake bi a cikin na'urar. Ƙofarta ake buɗewa a shimfiɗa robar ƙarin ruwan a ciki, sai wasu 'yan yatsu da ke jere su riƙa matsa ta ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda hannun mai tatsa yake bin nonon saniya daga sama zuwa ƙasa. Kowace matsa tana tura ɗan ruwa gaba, robar kuma ta sake buɗewa ta zuƙo wani. A injin wankin ƙoda 'yan tayoyi ne a kan faifai mai juyawa suke murje robar, amma dabarar ɗaya ce. Tsohuwar dabara ce kuwa, domin tun 1855 aka yi mata rajista a Amurka, a 1932 Michael DeBakey, yana ɗalibin likita, ya gyara ta domin ƙarin jini, daga bisani ta shiga injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu, wanda John Gibbon ya yi tiyata da shi cikin nasara a 1953. Abin da ya sa likitoci suka rungume ta shi ne ruwa ko jini ba ya taɓa komai sai cikin robar, ana gamawa a jefar da ita a sa sabuwa.

Ga abin da masu talla ba su cika faɗa ba. Na'urar ba ta auna ruwan da ya wuce. Juyin injinta take ƙirgawa, ta ninka da adadin da aka gaya mata kowane juyi yana turawa, wannan adadi kuwa ya dogara ne kacokan a kan faɗin ramin robar da laushinta. Idan ramin ya fi wanda aka tsara faɗi da kashi 5 cikin 100 kawai, ruwan da zai shiga jijiya zai ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100, allon na'urar kuma yana nuna cewa komai daidai ne. Idan robar ta yi tauri, ko ta gaji ta daina komawa yadda take bayan an matsa ta, sai ruwan ya ragu, shi ma ba tare da ƙararrawa ta yi kuka ba. Yawancin kamfanoni suna alkawarin cewa kuskuren famfonsu ba zai wuce kashi 5 cikin 100 ba, amma da sharaɗin a yi aiki da robarsu. Shi ya sa a nan famfon Infusomat na kamfanin B. Braun na Jamus yake da tasa robar, famfon Alaris yake da tasa, ba a musanya su, har akwai wani ɗan maɓalli a jikin robar wanda idan bai zauna a gurbinsa ba na'urar ba za ta tashi ba. Wannan maɓallin ne kuma yake toshe ruwan da kansa idan an buɗe ƙofa, kada ledar ta kwarara gaba ɗaya cikin majinyaci. A gida kuwa, ɗan'uwan marar lafiya ake ba takarda ya je kemis ya sayo roba, kowace iri ya samu. Waɗannan robobi ba su da laifi idan ɗigo za a ƙirga, amma ba a yi su domin famfo ba.

Ban raina ƙirgar ɗigo ba, Yaya, kuma ba zan yarda wani ya raina ta ba. Ke da kika san cewa ɗigo 20 ne mililita 1 a robar manya, 60 a ta jarirai, kika kuma iya lissafa a ka cewa lita 1 cikin awa 8 ɗigo 42 ne a minti, kina da ilimin da matasan ma'aikata da dama a nan ba su goge a kansa ba, saboda na'ura ta ɗauke musu. Matsalar ita ce ɗigon da kika saita ba ya zama yadda kika bar shi. Majinyaciya ta lanƙwasa hannu, ruwan ledar ya yi ƙasa, robar ta saki a ƙarƙashin abin matsewa, sai ki dawo ki tarar ko ya tsaya ko ya zuba da gudu, alhali ke kaɗai ce a kan gadaje masu yawa cikin dare. Ga babban mutum da ake ƙara wa ruwan gishiri, wannan ba ya cika yin illa. Ga jariri, ko mai ciwon zuciya, ko mace da aka ɗaura wa ruwan naƙuda mai oksitosin, bambancin yana iya zama na rai da mutuwa.

Maganin jijjigar masu ciki ya fi komai nuna mini wannan tazara. Maganin ɗaya ne a nan da can, maganiziyom salfet. A gida tsarin Pritchard kuke bi: giram 4 a jijiya, giram 5 a kowane ɓangare na mazaunai, sannan giram 5 a tsoka duk bayan awa 4. A nan tsarin Zuspan ake bi: giram 4 a jijiya, daga nan giram 1 kowace awa ta famfo har awa 24, a wasu asibitoci da famfon sirinji, wanda shi wani nau'i ne dabam. Duka biyun suna hana jijjiga, kuma tsarinku ya ceci mata da Allah kaɗai ya san adadinsu. Sai dai kin fi ni sanin zafin waccan allurar da kumburin da takan bari. Mace a nan ba ta shan wannan wahala, dalili kuwa shi ne akwai na'urar da aka amince za ta ba da giram 1 a awa, ba giram 2 ba.

Amincewar nan ba daga sama ta faɗo ba, kuma ita ce ainihin abin da na ga ya bambanta nan da gida. Kowane famfo a asibitinmu yana da lamba da tarihinsa a kwamfuta, yana kuma da takarda manne a jikinsa mai nuna ranar da aka gwada shi da ranar da za a sake, galibi sau ɗaya a shekara. Ma'aikaciyar jinya da ta ga ranar ta wuce ba za ta ɗaura shi ba. Akwai ɗakin aro inda sassan asibiti suke karɓar famfo wankakke, batirinsa cike, su mayar idan sun gama. Muna da na'urar gwaji ta musamman, amma tushen gwajin abu ne da za ku iya yi gobe: mililita 1 na ruwa nauyinsa giram 1 ne, saboda haka a saita famfo ya ba da mililita 100, a tari ruwan a kofin da aka riga aka san nauyinsa, a ɗora a sikeli mai kyau irin na masu sayar da gwal. Idan ya faɗa tsakanin giram 95 da 105, ya ci. A maimaita a gudu mai sauri da marar sauri, da sabuwar roba wadda aka fitar wa iska, sannan a matse robar da gangan a ga ko ƙararrawar toshewa za ta yi kuka, a cire wuta a ga ko batir zai riƙe. Majinyaci ba ya biyan ko sisi domin robar ko famfon, tun da hukumar lafiya ta ƙasar, wadda aka kafa a 1948, da haraji take gudana. Shi ya sa babu mai tunanin sake amfani da robar jiya domin tsimi.

Yanayinmu ma abin lura ne. Zafin Afrilu a Kano yakan haura digiri 40, roba kuma tana laushi da zafi, ga ƙurar hunturu da ke shiga idon da yake gano kumfar iska, ga wutar da take zuwa tana ɗaukewa tana kashe batir. Abin da ya yi mana daɗi shi ne wutar Ingila da tamu ƙarfinsu ɗaya ne, bakin filogin ma iri ɗaya, saɓanin kayan Amurka da yawancinsu sai da taransifoma.

A wankin ƙoda lamarin ya fi tsanani, kuma na san yadda cutar ta addabi mutanenmu, musamman wajen Gashuwa. Injin yana jan jini mililita 200 zuwa 400 a minti, na tsawon awa 4, sau 3 a mako ga wanda ya samu hali. Idan tayoyin sun matse robar fiye da kima, ƙwayoyin jini suna fashewa. Idan ba su matse sosai ba, jinin yana zamewa baya, wankin ya zama rabi-rabi alhali an biya kuɗin cikakke. Ko a wajen asibiti haka abin yake. Ma'aikatun ruwa a nan suna zuba kulorin da irin wannan famfo, wanda kamfanin Watson-Marlow da ke Falmouth ya shahara da ƙerawa, domin kumfar da kulorin yake fitarwa ba ta tsayar da shi, kuma masu fiya wata na gida za su amfana da shi matuƙar za su riƙa canza tiyon a kan kari.

Dangane da tayin da aka yi muku, ra'ayina shi ne gwanjo ba aibu ba ne, famfo mai shekaru yana iya aiki lafiya. Amma kafin ku biya, ku tambayi ɗan kasuwar wace roba famfon yake ci, wa yake sayar da ita a Najeriya, nawa ce guda, kuma ko iyalan majinyatanku za su iya sayenta kowane kwana 3 ko 4. Ku tambaye shi batir sabo ne ko tsoho, da wanda zai gyara idan ya lalace, da ko littafin na'urar yana nan. Ku sa shi ya yi gwajin sikeli a gabanku. Gara ku ɗauki guda biyu iri ɗaya masu wadatacciyar roba, ku ajiye su domin ɗakin jarirai da ɗakin haihuwa, da ku ɗauki goma iri dabam-dabam. Ki ɗauko mini hoton lambar da ke bayan kowanne, zan duba ko kamfanin bai daina yin robarsa ba, ko kuma an taɓa fitar da sanarwar janye shi daga aiki.

A gaida Inna da kowa da kowa.

Ƙaninki.