Buhun PICS na ajiyar wake: abinda na gani da idona

Salam jama'a. Tunda kaka ta gabato nace bari in faɗi ra'ayina akan buhun nan na PICS, dan mutane da yawa a ƙauyukanmu na wajen Pitoa da Gider a arewacin Kamaru har yanzu suna tambaya wai da gaske yana hana ƙwaro cin wake ko kuwa talla ce kawai. Ni dai na ajiye wake a ciki kuma wlh yana aiki, amma da sharaɗi.

Ga wanda bai taɓa ganinshi ba, buhu ne mai hawa uku, leda biyu masu kauri a ciki sai buhun saƙa a waje, akwai na kilo 50 akwai na kilo 100. Ba magani ko ɗaya a ciki. Iska yake toshewa, ƙwarin da suka shigo tare da waken tun daga gona su shaƙe ɗan iskan da ya rage ya ƙare, shikenan sai su daina ci su daina haihuwa su mutu. Kuma abinda ke min daɗi, dabarar nan a ƙasarmu ta faro, masu bincike na Marwa ne da na jami'ar Purdue ta Amurka suka gwada ta tun wajen ƙarshen shekarun 1980, sai a 2007 aka fara yaɗa ta sosai a ƙasashen Afirka ta yamma da ta tsakiya. Kenan ba wani abu bane da aka ƙera dan gonakin turawa aka kawo mana.

Abinda yasa nake damuwa da maganar nan shine yadda muke asara. Da kaka kowa na sauri ya kai wakensa kasuwar Pitoa ranar lahadi ya sayar a arha saboda tsoron ƙwaro, yan kasuwa su kwashe su cika kamiyo, sannan da damina ta sauka lokacin da manomi ke neman kuɗin taki da na leburori farashi ya hau shi kuma ba ko ƙwaya a ɗakinsa, wani ma sai ya koma ya sayi iri da tsada. Wanda ya daure ya ajiye kuma sai ya zuba ƙwayar maganin nan mai wari, a ɗakin da yara ke kwana, kuma waken nan dai shi mata zasu yi ƙosai da alala dashi. Ni wannan kaɗai ya isheni hujja. Da na buɗe nawa da damina waken fes yake ba huji ba gari ba wari, na ɗebi kaɗan na shuka kuma ya tsiro lafiya lau.

To amma dan Allah a kula. Sai wake ya bushe ƙarau kafin a zuba, in da sauran danshi zai yi fumfuna, kuma a sheƙe shi a cire ɓawo da tsinke dan kar su huda ledar. Kafin ka zuba ka cika ledar da iska ka matse ka ji ko tana fita ta wani wuri. Kowace leda ɗaurinta daban, ka matse iska ka murɗe bakin ka lanƙwasa ka ɗaure tam, sannan ta biyu, sannan buhun waje. Kuma ba a buɗewa kullum ana ɗiban na girki, na ci a ware shi gefe tun farko.

Inda buhun ya gaza gsky ɓera ne. Huji ɗaya ya ɓata komai, dole ka ɗora akan katako nesa da bango ka share mangazan sosai. Sai tsada, ya ninka buhun gama gari sau da yawa, duk da dai in ledar bata huje ba zaka sake amfani dashi baɗi. Babban abinda ya fi ɓata min rai kuwa shine samunshi. Lokacin da ake buƙatarsa babu shi a ƙauye sai ka hau moto zuwa Garwa, kuma akwai wani shago da aka miƙo min mai siririyar leda akace duk ɗaya ne, ba ɗaya bane, ka taɓa ledar da hannunka ka ji kaurinta ka duba tambarin PICS a jikin buhun kafin ka biya.

Mu a GIC ɗinmu, wato ƙungiyarmu ta manoma, bana haɗa kuɗi zamu yi mu aiki mutum ɗaya ya sayo ma kowa tun kafin a fara roron wake, har da na masara dan ita ma tana zama a ciki.