Masu sare mabuɗin mashin a Sakkwato: abin da aikinsu ke iya yi maka

Yawancin mashinan da ake hawa a garin nan, Boxer ne ko Jincheng ko Haojue, da mabuɗi biyu suke fitowa daga shago. Sai mai shi ya rataye su duka a zobe ɗaya, ranar da zoben ya faɗi a hanyar Illela ko cikin cunkoson Kara, ya koma tura ƙarfe cikin rana. Masu sare mabuɗi da ke kewayen Babbar Kasuwa don wannan suke zaune, kuma a ganina aikinsu ya cancanci kuɗinsa, in dai ka je musu tun mabuɗinka na hannu.

In ka kai na asali, aikin 'yan mintuna ne. Mai sarar zai zaɓo ɗanyen mabuɗi wanda kwarminsa ya dace da naka, domin wani kwarmin dama yake, wani hagu, kuma tsawonsu ba ɗaya ba ne. Sai ya ɗaure naka a matsi ɗaya, ɗanyen a ɗaya matsin, allurar injin na bin haƙoran tsohon, faifan na cin sabon daidai wurin. Nan ake gane gwani. Wanda ya iya yana daidaita kafaɗun mabuɗan biyu kafin ya tada inji, in ya gama kuma ya bi gefen da magagari ya kawar da ƙaiƙayin ƙarfe. Mai gaggawa ba ya yin ko ɗaya, shi ya sa za ka ga sabon mabuɗi ya shiga amma ya ƙi juyawa, ko sai an ɗan ja shi baya tukun.

Abin da ban yarda da shi ba wurin wasunsu shi ne ɗanyen mabuɗi mai arha. Farin ƙarfe ne marar nauyi, yana lanƙwasa da wuri, wata rana ya karye cikin murfin tanki. Ka ce na tagulla kake so, ka biya bambancin. Kada kuma ka kai kwafi a yi maka kwafinsa, don kuskuren na farko ne zai hau kan na biyu. Haka tsohon mabuɗin da ya sha aikin kabu-kabu har haƙoransa suka shafe, shafewar ce injin zai kwafe maka. Gara ka adana ɗaya daga cikin na asali a gida, ka riƙa hawa da kwafi.

Je da mashin ɗin, kada ka aika yaro da mabuɗi kawai. Gwada sabon a swici, da makullin wuya, da murfin tanki, da na sit in akwai, kowanne sau uku, kafin ka miƙa kuɗi.

In duka sun ɓace, aikin ya sake. Wanda ya ƙware zai kwance makulli ɗaya, yawanci na tanki ko na gefe, ya fitar da cikinsa, ya duba 'yan farantai na ƙarfe da ke zaune kan ƙananan sifirin, ya riƙa goge ɗanyen mabuɗi da magagari har su kwanta daidai. Aiki ne na haƙuri, kuma ba kowace rumfa ke da mai yinsa ba. Matsalarsa ɗaya: a mashina da yawa farantan makullin tanki ba su kai na swici yawa ba, sai mabuɗin ya buɗe tanki ya ƙi tada inji. Dole a ƙarasa saran a jikin swicin. Mai sana'ar kirki zai nemi rasit ko takardun mashin kafin ya taɓa, kuma kada ka ji haushi, satar mashin ce ta jawo haka. Wanda bai tambaye ka komai ba, gobe ma ba zai tambayi ɓarawon naka ba.

Wasu za su ce ka sayi sabon saiti kawai, swici da murfin tanki da makullin wuya da mabuɗi biyu. Yana yi, sai dai ya fi tsada nesa, ga kuɗin bakanike. Ka kai tsohon swicin shagon a gwada soket da yawan wayoyi, domin wanda bai dace da CDI ɗin mashinka ba, wato ɗan akwatin da ke ba fulogi wuta, zai hana wuta zuwa fulogi, ko ka kashe mabuɗi injin ya ci gaba da aiki. Duba ɗan ramin iska na sabon murfin tanki ma. In a toshe yake, mai ba ya sauka kafireto, mashin ya riƙa mutuwa bayan 'yar tafiya kana zargin fetur. Haɗa waya da hannu kuwa ban ba kowa shawara ba, yana ƙona kayan wuta, kuma wuyan da ke kulle yana nan a kulle.

Injin sarar da lantarki yake aiki, in ba wuta sai a jira janareta ko a koma magagari. Da magariba an tashi. Mabuɗin sababbin mashina mai sara a tsakiyar jikinsa kuma, injin da aka saba ba ya yinsa, sai ka tambaya tukun.

Da yawa mabuɗin ba mantuwa ke ɓatar da shi ba, swici ne ya saki. Tarin mabuɗan gida da na shago da ake rataya masa suna cin cikinsa, har mabuɗi ya zame ana cikin tafiya injin bai mutu ba. In kana iya zare naka a kunne, lokacin canja swici ya yi. Kada a ɗiga masa baƙin mai, da ƙurar hunturu zai haɗu ya daskare, garin bakin fensir ya fi. Ban da na gida, na ajiyar da za ka riƙa yawo da shi kuwa ya zauna cikin walat ko a ɗinke shi a aljihun ciki, ban da ƙarƙashin sit ɗin da shi kansa sai da mabuɗi ake buɗe shi.