Sharhi: ziyarar al'adun Kuna ta kwana biyu a Guna Yala

Na ba wannan ziyara zuwa Guna Yala, yankin ƙabilar Kuna a gaɓar tekun ƙasar Panama, maki huɗu cikin biyar, da sharaɗin a zaɓi tsarin da ake kwana a ƙauye. Wanda ake sauke mutum a tsibirin wanka a dawo da shi, asarar kuɗi ne ga mai neman sanin addinin Kuna.

Daga birnin Panama zuwa gaɓar Carti awa 3 ne a mota mai ƙarfin hawan tudu, sai kwalekwale mai inji. A riƙe fasfo, da kuɗin shiga yankin a hannu.

Abin da ya biya kuɗin shi ne zauren taro, onmaked nega. Da dare saila, shugaban ƙauye, yana kan ragar lilo a tsakiya yana rera Bab Igar, labarin Bab Dummad da Nan Dummad, uba da uwa mahalicta a imaninsu, da Ibeorgun wanda ya koya musu zaman duniya. Harshen rerawar ba na kasuwa ba ne, shi ya sa argar, mai fassara waƙar saila, yake miƙewa daga baya ya warware wa jama'a. Masu sanda suna zagayawa suna tada mai gyangyaɗi. Idan jagoranka ba ɗan Kuna ba ne, za ka fito ba ka fahimci komai ba, don haka a tantance wannan kafin a biya.

A gidajen da ake jinya ana jera nuchu, gumakan katako, a ƙarƙashin ragar majinyaci, ana turara su da hayaƙin 'ya'yan koko. Nele, bokansu mai duba, ke gano wace iska ta sace kurwar mutum, mai waƙar magani kuma ya aika nuchu su karɓo ta. Masu sassaƙa na sayar wa baƙi irinsu, amma wanda ke bakin aiki ba a taɓa shi.

Inda kamfanin da ya shirya ziyarar ya rage maki shi ne alkawarin ganin inna suid, bikin aske gashin yarinya da raɗa mata suna. Bikin ba ya bin jadawalin baƙi. Iyaye ne ke shirya shi, kuma sai ruwan raken da aka jiƙa ya yi kusan mako biyu ya nuna. Wannan ruwan giya ce mai bugarwa, Musulmi ya sani tun farko, kuma ana iya ƙin sha cikin ladabi.

Kada a ɗauki hoto a zauren taro. A waje ma sai an nemi izini, yawanci ana biyan dala 1 ga kowane mutumin da aka ɗauka.