Sharhi kan TrustMark, hatimin ɓoye mai ɗaukar bit 100 kacal

Sana'ata ɗaukar hoton biki da na kayan 'yan kasuwa, kuma duk mai wannan aiki ya san ciwon ganin hotonsa a shafin wani, an yanke kusurwar da ya rubuta sunansa. Shi ya sa na koma ga TrustMark, manhajar da masu bincike na Adobe da Jami'ar Surrey ta Ingila suka fitar a 2023, suka ajiye ta kyauta a GitHub, shafin intanet da ake ajiye manhajoji. Tana cusa hatimi ne a cikin launukan hoton kansu, ido ba ya gani, sai kwamfuta. Ba irin manhajar waya ba ce ta danna nan danna can. Yawanci sai an girka Python, wani yaren rubuta manhaja, an rubuta 'yan layuka, don haka wanda bai saba ba zai so mai kama masa hannu da farko.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ƙanƙantar saƙon da hatimin ke iya ɗauka. Bit 100 ne gaba ɗaya (bit shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayani a kwamfuta, 0 ko 1), kuma ba duka ne naka ba. Bit 4 suna tafiya wajen bayyana tsarin da aka yi amfani da shi, wani kaso kuma wajen gyaran kuskure. Zaɓi huɗu ake ba ka. Idan ka ɗauki bit 75, hatimin zai jure lalacewar bit 3 kawai. Bit 68 na jure 4, bit 61 na jure 5, shi kuwa mafi ƙanƙanta, bit 40, yana jure har 8. Ma'ana duk abin da ka ƙara na saƙo, daga ƙarfin hatimin ka cire shi.

A aikace wannan na nufin sunan shagonka ba zai shiga ba. Kowane harafi na cin bit 7, saboda haka bit 61 haruffa 8 ne, bit 40 kuwa 5. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ba sa ma cikin jerin da ake karɓa. Lambar wayar Najeriya mai alƙaluma 11 tana buƙatar bit 77 in an rubuta ta a matsayin rubutu, ta fi ƙarfin ko da babban zaɓin. Amma in ka jefar da sifilin farko ka shigar da ita a matsayin lamba zalla, bit 34 sun ishe ta. Daga nan na fahimci cewa ba a yi hatimin don ɗaukar bayani ba. Kamar tikitin ajiyar kaya yake a tashar mota: lamba ce kawai, kayan suna wani wuri. Bit 40 na ba da lambobi sama da tiriliyan ɗaya, ba mai ɗaukar hoton da zai ƙarar da su.

Ɓangaren ganowa shi ne inda na fi yaba mata. Tsofaffin dabarun shekarun 1990 da dama sai ka kawo hoton asali an kwatanta da wanda ake zargi kafin a ce akwai hatimi. Wasu kuma, irin tsarin hatimin wata manhaja mai suna OpenStego, ba sa neman asali, amma amsarsu ita ce yawan kamanni da sa hannunka, ba su gaya maka wa ka ba wannan kwafin. TrustMark hoton kawai take buƙata. Ka ba ta, ta ce akwai hatimi ko babu, ta kuma fito da lambar. Ga mai raba hoto ɗaya ga mutane da yawa wannan bambancin babba ne, domin kowane abokin ciniki zai iya samun tasa lambar, in hoton ya fita ka san ta ƙofar da ya bi.

Na gwada ta a kan abin da ya fi damunmu a nan, wato tura hoto ta WhatsApp, inda ake matse shi, a rage girmansa, a goge bayanan kyamara da ke manne da shi. Lambar ta dawo daidai, musamman da zaɓin bit 40. Dalilin shi ne manhajar tana ƙirƙirar hatimin a ƙaramin ma'auni sannan ta shimfiɗa shi a kan hoton duka, don haka rage girma bai cika cutar da shi ba. Yankan gefe kaɗan ma yana wucewa. In an ciro fuska ɗaya daga cikin taron mutane kuwa, kada a sa rai, mafi yawan hatimin ya tafi tare da abin da aka yanke. Wajen kyan hoto ban ga abin ƙorafi ba. A kan leshi da shadda masu ado ba a ganin komai, a kan farin bango ko sararin sama ne nake ƙara dubawa kafin in miƙa.

Abu ɗaya ya kamata mai niyya ya sani. Babu mabuɗin sirri. Duk wanda ya sauke manhajar zai iya karanta lambarka, kuma a cikinta akwai hanyar cire hatimi, an yi ta ne don mai son sauya lamba. Saboda haka tana maganin mai kwafa ya liƙa, wanda shi ne mafi yawan masu ɗaukar hotunanmu, amma ba ta tare wanda ya san abin da yake yi. Ni dai yanzu bit 40 nake zaɓa, in rubuta lambar da sunan mai hoton da ranar biki a rajistata, in kuma adana ainihin fayil ɗin da ya fito daga kyamara, domin shi ne hujjar da zan nuna in magana ta kai gaban hukuma.